Tambayoyinku: Wa ke duba jirgin fito kafin ya ɗebi mutane?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan karon saƙonnin da suka taru kusan duk a kan jirgin ruwa ne, ba mamaki tunda kogi ya cika kuma kowa na da wani nasa da ke tsallaka ruwa ranar kasuwa. Na ɗauki guda biyar, na ɗan rage tsawon wasu, masu su a yi min haƙuri.

Salam malam. Ni mai jirgi ne, jirgin katako da inji 40, ina ɗaukan mutane da kaya ranar kasuwa. A gun babana na gaji sana'ar kuma wlh tunda muke ba mu taɓa yin wata takarda ba in ba ta ƙungiya ba. Yanzu ana ta cewa wai sai mun yi rajista an duba jirgi. Dan Allah wa ke da hurumin dubawar nan, kuma me ma suke dubawa?
*Mai jirgi, Yauri*

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan magabata. Hukumar da ke da wannan hurumi ita ce NIWA, wato hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, an kafa ta a 1997 kuma hedikwatarta na Lokoja, kai ma ka yi sa'a don akwai ofishinta na yanki nan Yauri ba sai ka yi doguwar tafiya ba. Dokar da ta kafa ta ce ta ba ta ikon duba jirage, da ba masu sufurin ruwa lasisi, har ma da amincewa da fasalin jirgi kafin a ƙera shi, wanda wannan na ƙarshen kam kusan ba wanda ke bi a wajenmu, kafinta ne kawai da idonsa da igiyar awonsa. Manyan jiragen teku su wata hukumar tarayya daban mai suna NIMASA ke kula da su, ba ruwanka da wannan. An daɗe ana jayayya tsakanin tarayya da jihar Legas kan wa ke da ikon ba da lasisi a ruwan cikin gida, a Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta ce na tarayya ne. To katin ƙungiya yana da amfaninsa a kwata amma ba ya tsayawa a matsayin takardar hukuma.

Abu uku ne mutane ke cakuɗawa. Akwai rajistar jirgin kansa, a san mai shi a ba shi lamba a rubuta a jikinsa. Akwai satifiket na dubawa wanda ke cewa jirgin ya cancanci hawa ruwa kuma ga iya abin da zai ɗauka, shi ana sabunta shi ne duk shekara. Sai kuma lasisin matuƙi, wannan na mutum ne ba na jirgi ba, in yaronka ne ke tuƙi to shi ma sai ya samu nasa.

Batun me ake dubawa, gaskiya ba wani sihiri a ciki, yawanci abin da babanka ke yi ne da hannunsa kafin damina, sai dai yanzu a rubuce. Ana farawa da gangar jiki, kuma dubawa ta ƙwarai sai an jawo jirgi tudu an ga cikinsa da ƙasansa, don jirgin da ke kan ruwa rabinsa kawai kake gani. A bi katako ɗaya bayan ɗaya ana ƙwanƙwasawa, mai lafiya ƙararsa daban, ruɓaɓɓe kuma sai ka ji shi luƙus, in ka danna tsinin wuƙa ta shige ba gardama. A duba ƙusoshi ko sun ci tsatsa sun saki, a duba haɗin katako inda ake cusa auduga a shafe da kwalta, a duba haƙarƙarin jirgi na ciki. Inda na fi so ka sa ido shi ne katakon baya da ake ɗaura inji, kullum yana shan girgiza da jiƙa kuma in ya ɓalle a tsakiyar ruwa inji da matuƙi da kowa tare za a tafi. Daga nan sai inji, yana tashi ba wahala ko sai an ja igiya sau ashirin, tiyon mai na yoyo ko a'a, jarkokin fetur a ina ake ajiye su. Sai kayan tsira, rigar ruwa daidai yawan mutanen da aka yarda ka ɗauka har da ta yara, abin kashe gobara, abin kwarfe ruwa, anga da igiyarta, filafili da gora ko da inji zai mutu, fitila, usur.

In ka je ka biya ta hanyar da ofis ya nuna maka ka karɓi rasit, kar ka damƙa wa kowa kuɗi a bakin kwata.

Malam ina wuni. Na sayi jirgi na hannu ina so in sa shi haya, sai wani ya same ni ya ce in ba shi kuɗi da hoton jirgin kawai zai kawo min satifiket cikin kwana uku ba sai wani injiniya ya zo ba. Ni dai ina ganin ai takarda takarda ce, tunda in jami'ai sun tare ni ita za su tambaya. Akwai matsala ne?
*Wani ɗan kasuwa, Malale*

Lafiya lau Alhaji. Akwai matsala mana, babba ma, kuma bari in ɗan tsaya a nan don duk shafin yau wannan tambayar ce cibiyarsa.

Abin da kake saye in an duba jirgi ba takarda ba ce, lamba ce. Jirgin nan mutum nawa zai ɗauka, kilo nawa, kuma ruwa zai kai ina a jikinsa in ya cika lodi. Mai hoto ba zai iya ba ka wannan lambar ba, sai dai ya ƙirƙiro ta daga kansa ko ya rubuta wacce za ta faranta maka rai. Yadda ake samunta shi ne a auna tsawo da faɗi da zurfin jirgi, a loda masa nauyi sananne kamar buhunan yashi, a ga tazarar da ta rage tsakanin ruwa da bakin jirgi, sannan a matsar da nauyin gefe ɗaya a ga yaya zai karkata, zai dawo daidai ko zai nemi kifewa. Inda aka ga nan ne iyaka sai a ja layi da fenti a jikin jirgi, ruwa ya taɓa layin nan an gama lodi ko da sarki ne ya zo a makare.

Layin nan yana da tarihi. A Ingila can baya masu jirage kan cika tsofaffin jirage da kaya fiye da kima, su yi musu inshora mai tsoka su tura teku, in ya isa riba in ya nutse ma riba, matuƙa ne kawai ke mutuwa. Wani ɗan majalisa Samuel Plimsoll ya yi ta faɗa a kai har aka yi doka a 1876 cewa dole a zana alamar lodi a jikin jirgi, har yau sunansa ake kiran layin da shi, kuma a 1966 ƙasashen duniya suka yi yarjejeniya a kai. Shekara kusan 150 kenan, amma je ka kwatarmu ka ƙirga jirage nawa ke da shi.

Yanzu ga lissafi, don a nan ake yaudarar kai. Masu duba jirgi kan ɗauki mutum ɗaya a kilo 75. A ce an ba jirginka mutum 30, kilo 2,250 kenan gaba ɗaya. Ranar kasuwa aka loda buhun masara 10 masu kilo ɗari-ɗari, kilo 1,000 ya tafi, aka ɗora babur biyu, sama da kilo 200 ya ƙara tafiya, abin da ya rage bai wuce na mutum 13 ba. Amma me ake yi? A loda masarar, a ɗora baburan, a zuba mutum 30 ɗin cif a ce ai ba mu wuce ƙa'ida ba, sannan a ƙara yara a ce su ai ba a ƙirga su. Ga kuma ruwan da ke kwance a cikin jirgi, lita ɗaya kilo ɗaya ce, jarka uku mai lita 25 mutum guda kenan wanda bai biya kuɗin fito ba, kuma ya fi kowane fasinja sharri don da jirgi ya ɗan karkata duk sai ya kwarara can gefen ya ƙara danna shi.

Kai da ke Malale ba sai na ba ka labarin 26 ga Mayun 2021 ba, jirgin da ya dare tsakanin jihar Neja da Wara ta ƙaramar hukumar Ngaski, mutum sama da 150 a ciki ga babura, tsohon jirgi, waɗanda suka tsira ƙalilan ne. Kuma kar ka ce ai wannan na katako ne. Le Joola na Senegal jirgin ƙarfe ne ƙirar Jamus, na gwamnati ma, an yi shi don mutum 580 har da ma'aikata, ya kife a daren 26 ga Satumban 2002 a gaɓar Gambiya, mutum 1,863 suka rasu a lissafin hukuma, ya fi na Titanic. Ruwa ba ya karanta satifiket Alhaji.

Sannan ta fuskar kanka ma, jirgi na hannu ka saya, ba ka san me mai shi na da ya rufe da fenti ba. Kai ne ma ya kamata ka matsa a zo a duba tun kafin ka biya. In kuma Allah ya kiyaye wani abu ya faru aka gano takardar ta bayan fage ce, mutumin naka wayarsa a kashe za ka same ta, kai za a riƙe, kuma haƙƙin rayuka wannan tsakaninka da Ubangijinka ne.

Ni gaskiya dokar hana tafiyar dare ta dame ni. Kasuwa ba ta watsewa sai bayan la'asar sakaliya, kafin a gama lodi magariba ta yi, to mu kwana a kwata da mata da yara? Kuma matuƙanmu sun san ruwan nan kamar tafin hannunsu.
*Mai sayar da kifi, Shiroro*

Ƙorafinka na kan hanya, ban raina shi ba. Ƙa'idar NIWA ita ce daga 6 na yamma zuwa 6 na safe ba tafiya, tana cikin dokokin sufurin ruwa na 2023 tare da wajabcin sa rigar ruwa da hana obalodi da rubuta sunayen fasinja kafin a tashi. Amma doka ta ce kar a tafi, ba ta gina rumfar kwana a kwata ba, wannan gaskiya ne kuma giɓi ne.

Sai dai batun sanin ruwa, a nan zan saɓa maka. Shiroro da Kainji da Jebba ba kogin kakanni ba ne, tafkuna ne na dam. Kainji a 1968 aka gama shi, Shiroro a 1990, ruwa ya hau kan gonaki da dazuzzuka da garuruwa, itatuwan da ya shanye da yawansu na nan tsaye a ƙasa. Ruwa ya yi sama kututture ya ɓuya, ya ja baya ya dawo daf da fuska, hanyar da ka bi lafiya watan jiya yau ita ce mai fasa jirgi. A kogin Neja ma cika biyu ake yi, ta damina da kuma wacce ke isowa cikin hunturu daga can Gini da Mali. Da rana matuƙi na ganin yadda ruwa ke murɗawa a kan kututture ya kauce, da dare tocila ba ta nuna wannan. Abu na biyu, in jirgi ya kife da rana masunta na kusa su ke fara kawo ɗauki, da dare wa zai gan ku? Hatsarin Patigi a Yunin 2023 'yan biki ne ke dawowa daga Egboti cikin dare, sama da mutum 100 suka tafi. Na Gbajibo a ƙaramar hukumar Mokwa ranar 1 ga Oktoban 2024 shi ma da dare ne, mutum wajen 300 ne a cikin jirgin, yawanci mata da yara za su Maulidi.

Ni a ganina maganin ba wajen jami'in ruwa yake ba, don jami'an ba su kai yawan kwatocin ƙasar nan ba ko kusa. Wajen sarkin kasuwa da sarkin ruwa da shugaban ƙungiya yake, su zauna su tsayar cewa jirgin ƙarshe ƙarfe kaza yake tashi, wanda ya makara ya kwana. Sati biyu za a yi ana zage-zage, na uku kowa zai fara ɗaure kayansa da wuri.

Gaisuwa daga Gana. Mu nan tafkin Volta muke hawa, shin takardar NIWA ɗin nan ta shafe mu? Kuma da gaske ne za a hana jirgin katako a Najeriya?
*Ɗan zango, Yeji*

Muna amsawa, a gaida mutanen zango. A'a ba ta shafe ku ba, ku Ghana Maritime Authority ce ke duba jiragenku, kuma ciwonku irin namu ne sak, dam ɗin Akosombo na 1965 ya shanye daji ya bar muku kututture.

Batun katako kuwa, ministan harkokin teku Adegboyega Oyetola ya sha kiran a daina amfani da jiragen katako wajen haya a koma na faiba da alminiyom. Na faiba yana da fa'ida, ba ya ruɓa, kuma mai kyau ana sa masa soso a rufaffen wuri ta yadda ko ya cika da ruwa ba zai nutse ƙasa gaba ɗaya ba, mutane su samu abin riƙewa. Amma kuɗinsa ba na talaka ba ne, kuma mai ɗaukan shanu da buhuna zai ce maka bai ga na faiban da zai yi masa wannan aikin ba. In ba a kawo rance mai sauƙi ba hanin a baki zai tsaya. Ni dai jirgin katako da ake jawowa tudu duk shekara a canza ruɓaɓɓen katako ya fi min na faiba da aka yi wa lodin mutum biyu a wurin ɗaya.

Malam barka da aiki. Ni malamar Islamiyya ce, duk shekara muna tsallaka ruwa da ɗalibai zuwa Maulidi da musabaƙa. Tun abin da ya faru a Bagwai hankalina bai kwanta ba. Ni ba injiniya ba ce, ta yaya zan gane jirgi mai lafiya? Kuma wasu iyaye na cewa rigar ruwa rashin tawakkali ne, in kwana ya ƙare ya ƙare.
*Malama, jihar Kano*

Barka kadai Malama, Allah ya saka da alheri da wannan kulawa. Na Bagwai ba mai mantawa, 30 ga Nuwamban 2021, dam ɗin Watari, jirgi ya taso daga Badau ya kife, aƙalla mutum 29 suka rasu kuma yawancinsu yaran Islamiyya ne irin naki. Allah ya jiƙansu.

Iyayen nan ki tuna musu da hadisin mai raƙumi, ɗaure shi aka ce ya yi sannan ya yi tawakkali, ke kin fi ni sanin wannan. Kuma ai ba wanda ke sakin ɗansa a titi ya ce in kwana ya ƙare ya ƙare.

Ba sai kin zama injiniya ba. Ki je kwata kwana ɗaya ko biyu kafin tafiyar, ba ranar ba, don ranar yara na ihu motoci na jira ba za ki iya cewa a'a ba. Ki tafi da wani dattijo cikin iyayen yara. Ki ce wa mai jirgi ya nuna miki takardar dubawa, ki duba kwanan wata ko ta wuce shekara, ki duba lambar da ke takarda ita ce a jikin jirgi ko kuwa ta wani jirgin ce aka aro, ki duba mutum nawa aka rubuta. In ya hau faɗa don kin tambaya to kin samu amsarki. Sai ki leƙa cikin jirgin, in yana tsaye a kwata ba kowa a ciki amma yaro na ta kwarfe ruwa ba hutawa, wannan ba jirgin ɗalibai ba ne. Ki yi ciniki a kan sawu biyu ko uku tun farko, don abin da ke jawo cusa yara wuri ɗaya shi ne an biya kuɗin sawu ɗaya kuma rana na faɗuwa.

Rigar ruwa kuma ba kowacce ba ce riga. Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da rabon guda 42,000 ga jihohi 12 a Minna a 2025, hukumar HYPPADEC mai raya yankunan da ke samar da lantarki daga ruwa ma ta rarraba a yankunan dam, amma na sha ganin inda aka mai da su matashin zama a jirgi, soson ciki ya lanƙwashe ya mutu, igiyoyi sun tsinke, rana ta cinye yadin. Ki matsa soson da hannu, in bai dawo ba ko kika ji ya farfashe a ajiye ta. Rigar babba ba ta yi wa yaro, da ya faɗa ruwa za ta zame ta kansa ta tafi ta bar shi, ko ta taso ta rufe masa fuska. Gwajin mai sauƙi ne, ki ɗaura wa yaro ki ja igiyoyin su kama jiki, ki kama kafaɗun rigar ki ɗaga sama, in ta wuce kunnuwansa ta yi masa yawa. In mai igiyar da ke bi ta tsakanin ƙafafu ce a ɗaura ta. 'Yan mata kuma a sa rigar a kan hijabi a tattare shi ciki, kar a bar dogon hijabi na yawo, a ruwa nauyi yake yi ya naɗe hannu da ƙafa.

Ki rubuta sunayen yaran kofi biyu, ɗaya a hannunki ɗaya a bar wa wani a kwata da lambar wayarki. A cikin jirgi kowa a zaune, manya a rarrabu gaba da tsakiya da baya ba duk a taru wuri ɗaya ana hira ba, kuma ki gaya wa yara tun a tudu cewa ko me suka gani ba mai miƙewa, ba mai rugawa gefe ɗaya kallon wani abu. In hadari ya haɗo ko iska ta taso a jira ta wuce, in kuma har biyar na yamma ba a fara sawun dawowa ba ki kira iyaye ki ce musu sai da safe, a nemi makarantar garin ta ba ku aji biyu ku kwana.